Musayar Baitoci kan Kamfanonin da Suka Haɗiye Gidajen Fim

Na-Gwale:
Assalamu alaikum. Kamfanin Disney ya sayi Pixar a 2006, Marvel a 2009, Lucasfilm a 2012, sannan a 2019 ya biya sama da dala biliyan 71 ya karɓe yawancin kadarorin 21st Century Fox, ciki har da gidan katun na Blue Sky. Ga baitocina, amsa-amon kuwa "wa" ne.

Gidaje huɗu sun koma hannu guda,
Ƙofar sabon labari tana ta rufewa.
Kashi na biyu, na uku, har na biyar ake yi,
Tsohon jarumi kullum shi ke dawowa.
Marubuci ya kawo nasa na kansa,
An ce ya jira, babu mai dubawa.

Ta-Zazzau:
Malam, ka zargi mai jari ka bar mai kallo,
Wanda ke layin tikiti ba ya gajiyawa.
Abin da aka saba shi jama'a ke nema,
Ɗan kasuwa bai sa kuɗinsa don ɓacewa.
Kai da kake kuka, ran da aka saki na shida,
Kana sahun gaba, ba ka ko juyawa.

Na-Gwale:
Hajiya, mai kallo yana zaɓa ne cikin abin da aka ajiye masa,
In tuwo ɗaya ke kasuwa, ina tantancewa?
Ki tambayi masu zanen katun na Blue Sky,
Shekara biyu da sayensu aka ce su yi watsewa.
Kin tsaya kina kare masu hannun jari,
Waɗanda ko sunanki ba sa tunawa.

Ɗan Damagaram:
Madalla, Na-Gwale, Allah ya ƙara basira! A 2021 aka rufe Blue Sky, kuma duk mai adalci ya san wanda ya yi rinjaye a zagayen nan.

Basakkwace:
Kada son kai ya rufe mana kunne. Ɗangon farko na amsar Na-Gwale ya zarce sauran tsawo nesa ba kusa ba, har kari ya karye, kuma "su yi watsewa" an tilasta shi ne don amsa-amo. Baitocin Hajiya sun fi zama a kan ma'auni.

Ɗan Damagaram:
Malam, rera shi ka ji. Waƙar Hausa da kunne ake auna ta kafin a kai ta ga aruli, wato ma'aunin waƙa na Larabawa.

Basakkwace:
Na rera shi sau da dama, numfashi yana yankewa kafin a kai ƙarshen ɗangon.

Uwar Marubuta:
Ku yi haƙuri, 'yan'uwa, gardamar kari ta cinye mana zance. A 2022, bayan haɗewar Warner Bros. da Discovery, an jingine fim ɗin Batgirl alhali an riga an gama ɗaukarsa. A 2025 kuma Canal+ na Faransa ya karɓe MultiChoice, mai DStv da tashar Africa Magic Hausa.

An ɗauki fim, an biya 'yan wasa,
Sai mai lissafi ya hana shi fitowa.
Gobe in mai tashar yana zaune a Faris,
Wa zai ce labarin Kano ya cancanci nunawa?

Ta-Zazzau:
Ku gafarce ni da jinkirin amsa. Yaya, wannan taki ce.

Matasan Kannywood ba su jira tasha ba,
A YouTube suke sa nasu, ana ta yabawa.
Mai basira ba ya rasa ƙofa,
Ku daina yi wa fasaha kukan mutuwa.

Na-Gwale:
Hajiya, YouTube ɗin ma Google ya saye shi a 2006.

Ƙofar da kike nunawa tana da mai ita,
Shi ke tura fim gaba, shi ke ɓoyewa.
Kuɗin talla na bin wanda ya tara masu kallo,
Shi ya sa ake jan labari ɗaya, ba a ƙarewa.
In wani ya yi fice da rikicin gado a gidan attajiri,
Kafin wata ya fita, kowa shi yake kwafewa.