Matan da suka fito daga gidan gyaran hali a Katsina: abin da aka tattauna kan yadda za a taimaka musu

1. Kusan kowa ya yarda matsuguni ne farko. Wata takan fito ta tarar mijinta ya sake ta, dangi sun juya baya. Mai unguwa da liman su shiga tsakani tun kafin ranar fitowarta.

2. Sana'a: keken ɗinki, injin markaɗe ko jarin ƙuli-ƙuli. Nan aka rabu. Wasu sun ce kuɗi a hannu, wasu sun ce kayan aiki, don bashi kan cinye kuɗin. Ina tare da na biyun.

3. A sa ta adashin unguwa, a gayyace ta biki da suna, a daina yi wa 'ya'yanta gori.

4. Mai neman aurenta: galibi sun ce a faɗa masa gaskiya, kaɗan suka ce ita za ta zaɓi lokacin faɗa.