Bazarar ƙasashen sanyi: wa ya zana, wa ya yi mata baiti?

Baban Hanif, Lids (Ingila): Assalamu alaikum. Mu da ke ƙasashen sanyi, akwai wanda ya zana wani abu ko ya tsara baiti tun da hunturu ya fara ja da baya? A makarantar su Hanif an ce kowa ya zaɓi bishiya ɗaya ya riƙa zana ta duk mako daga Fabrairu, sai na bi shi mu yi tare. Da farko rassa ne tsirara, baƙi ƙirin, ka rantse ta mutu. Sai da fensir ya kai bakin reshe na ga 'yan ƙullutai masu sheƙi, in ka taɓa su danƙo ya kama maka yatsa. Yanzu sun fashe, ganye ya leƙo a naɗe kamar hannun jinjiri.

Anti Rabi, Tokiyo: Wa alaikumus salam. Nan kam ba a wasa da wannan lokaci. Hukumar yanayi ta Japan tana da bishiyar sakura (ceri mai fure) guda a harabar wurin bauta na Yasukuni, jami'i ne ke zuwa ya ƙirga, sai fure 5 ko 6 sun buɗe sannan a sanar cewa furen ya iso birnin. Galibi a ƙarshen Maris ne. Waƙar Japanawa ta haiku layi uku ce, gaɓa 5, 7, 5, kuma a al'ada sai an saka kalmar da ke nuna lokacin shekara. Ga tawa, kada a yi dariya:

Fure ya buɗe
Iska ta kaɗa reshe
Hanya ta rufe

Mako ɗaya zuwa biyu furen ke yi ya zube, dole mai zane ya yi sauri.

Ɗan Katsina, Istanbul: Anti, su Japanawa ba ruwansu da amsa-amo, amma ke kin saka shi a duk layi. Bahaushiya dai! Ni tsuntsaye na zana. A Maris farar shamuwa ke ratsa sararin mashigin Bosforus garke-garke, daga Afirka za ta Turai. Ba ta son ƙetare faffaɗan teku, don iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa ce ke ɗaga ta, shi ya sa take bi ta nan. Ba ta cika kaɗa fiffike ba, shawagi take tana zagaye tana hawa sama. Zanen ya ƙi fitowa, ɗige-ɗige kawai na samu.

Malam Mamman, Damagaram: Ku kuna maganar fure, mu nan Afrilu zafi ya haura digiri 40. Tamu shamuwar, baƙa mai farin ciki, ita muke jira. Da ta fara ɗaukar tsinke tana sheƙa a kan bishiyoyin gari, manomi ya duba irinsa. Na rubuta wa 'yan ajina:

Shamuwa ta sauka kan tsamiya,
Ɗauko fartanya, bar fira da dariya.

Na kuma sa su zana gawon bayan makaranta yanzu da yake kore shar, su sake zana shi a Agusta. Shi da damina yake zubar da ganye.

Baban Hanif, Lids: Allah ya ƙara basira, Malam. Don Allah a ɗauko mana hoton gawon yaran, Hanif ya ce bai yarda akwai bishiyar da ruwa ke sa ta tuɓe ba.