Aikin da Xabi Alonso ya yi a fili: da wane suna za mu kira shi?

'Yan'uwa masu sharhin ƙwallo da masu fassara labaran wasanni, ga wata kalma da nake so mu zauna a kanta mu gama: sunan da za mu ba aikin da Xabi Alonso ya yi a fili. Wasunku sun riga sun kawo shawarwari, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk rubutun Hausa da ya taɓo tarihin Xabi Alonso, abin da yake cewa shi ne "tsohon ɗan wasan tsakiya". Ba ƙarya ba ne. Amma Steven Gerrard ma ɗan wasan tsakiya ne, sun yi shekara biyar tare a Liverpool daga 2004 zuwa 2009, kuma duk wanda ya kalle su ya san ba aiki ɗaya suke yi ba. Gerrard ya ɗauki ƙwallo ya kutsa gaba. Alonso yana nan gaban 'yan baya, kafin ƙwallo ta iso ya riga ya waiga dama da hagu, ya tare ta da taɓawa ɗaya, ya ɗaga kai, ya cilla ta can gefen fili ta sauka a ƙafar wanda ba kowa a kansa. 'Yan Sifaniya suna ce wa mai wannan aiki pivote, wato abin da wani abu yake juyawa a kansa. Mu ba mu da suna tsayayye.

A gidan kallo "lamba shida" ake cewa, wasu su ce DM, wato defensive midfielder, ɗan tsakiya mai tsaro. Lamba ba ta riƙe ma'ana. A Barcelona lamba 4 ake kiran wurin tun zamanin Johan Cruyff, lokacin da Pep Guardiola yake buga shi, a Ajantina kuma lamba 5. Shi Alonso da 14 aka fi saninsa. DM kuwa haruffan wani harshe ne, kuma tsaro kawai suke nunawa. Alonso da bakinsa ya taɓa cewa zubewa ƙasa a tare ƙwallo ba wata baiwa ba ce, abu ne da ake yi idan dabara ta ƙare. A Liverpool Javier Mascherano ne ya riƙa yin wancan aikin na tarewa daga 2007.

Na ga amsarka, Malam, cewa "mai raba ƙwallo" ya wadatar, kuma ana ji a bakin masu sharhi. Na yarda yana da kyau, ba na so a jefar da shi. Matsalarsa ita ce ya faɗi aikin bai faɗi mazaunin ba. Mesut Özil ma yana raba ƙwallo, amma can kusa da ragar abokan hamayya. Kuma kalma uku ce. Mai sharhi a rediyo, ƙwallo tana gudu, yana bukatar abin da zai furta a numfashi ɗaya.

Ɗan'uwa daga Damagaram ya kawo "madugu". Wannan ta daɗe tana yi mini yawo a rai, don madugu shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a ya da zango, shi ke sanin saurin da ayari zai iya. Haka Alonso yake yi wa wasa: in ya ga 'yan wasansa sun gaji sai ya riƙa ba da gajera gajera, in ya ga ɓaraka sai ya saki doguwa. Sai dai a Hausar yau madugu ya zama shugaba kawai, madugun adawa, madugun 'yan tawaye. Ka ce "madugun Liverpool", kowa Gerrard zai kawo a ransa, tun da shi ne yake ɗaure da ƙyallen kyaftin a lokacin. "Ginshiƙi" ma haka, mun riga mun ba kowane gwarzon ƙungiya, har mai tsaron raga.

Ni turke nake so mu ɗauka.

Turke a kafe yake, abin da aka ɗaura masa ya je ya dawo, ya kewaya, amma iyakarsa tana wurin turken. Wannan ita ce ma'anar pivote ba tare da an murɗa ta ba. Kuma ba yau Hausa ta fara ɗaukar kalmar ta kai ta wani fage ba: masu nazarin waƙoƙin baka suna cewa "turken waƙa", wato abin da waƙa ta ɗauru a kansa, makaɗi ya yi nisa ya dawo gare shi. In adabi ya karɓe ta, ban ga abin da zai hana ƙwallo ba.

Hajiya, kin ce turke ba ya motsi, ɗan wasa kuwa gudu yake yi. Maganarki a kan hanya take, kuma ita ce babbar suka da za a yi wa kalmar. Amma ki duba yadda mutumin ya buga a Bayern Munich. Ya je can a 2014 yana da shekara 32, ƙafa ta fara nauyi, Guardiola ya ajiye shi a tsakiya, wani lokaci har ya koma tsakanin 'yan baya biyu. A wasansu da Köln a Satumbar shekarar ya taɓa ƙwallo fiye da sau 200, abin da ba a taɓa rubutawa a Bundesliga ba kafin ranar. Ba shi ya bi ƙwallo ba, ita ta riƙa dawowa wurinsa. Motsin turke taku biyar ne ko goma don ya buɗe wa mai riƙe da ƙwallo hanya; in ya bar wurinsa ya bi ta gefe, tsakiya ta zama kango.

Abin da ya sa na damu da kalmar nan shi ne, idan ba mu da ita ba za mu iya bayyana Alonso koci ba. An haife shi a Tolosa ta yankin Basque a 1981, mahaifinsa Periko ya ci La Liga sau biyu da Real Sociedad, sau ɗaya da Barcelona. Ya buga a hannun Benítez, Mourinho, Ancelotti da Guardiola, ya ci Kofin Duniya na 2010 da na Turai a 2008 da 2012 da Sifaniya, duk daga mazauni ɗaya, inda fili gaba ɗaya yake gaban idonsa. Abokinsa na yarinta a San Sebastián, Mikel Arteta, a wannan mazaunin ya ƙare wasansa a Arsenal. A ganina ba banza ba ne su biyun da Guardiola suka zama masu horarwa.

Da Alonso ya karɓi horar da Bayer Leverkusen ta Jamus a Oktoban 2022 tana ta biyun ƙarshe a teburi. A bazarar 2023 aka kawo Victor Boniface da Grimaldo, amma sayen da ya gyara gidan shi ne Granit Xhaka daga Arsenal. Da "ɗan wasan tsakiya" labarin ya tsaya a nan. Da kalmarmu sai mu ce: tsohon turke ya samo wa ƙungiyarsa turke. Sakamakon shi ne wasa 34 ba a doke su ba, maki 90, kofin Bundesliga na farko a tarihin ƙungiyar. Ko ranar da Atalanta ta ci su 3-0 a wasan ƙarshe na Europa League a Dublin a Mayun 2024, Ademola Lookman ya zura ukun duka, abin da na gani shi ne an bi su mutum da mutum, an hana turken juyowa ya kalli gaba.

Saura jam'i. Jam'in turke turaka ne, kuma a rubuce ya yi kama da turakar maigida, don haka ina ba da shawarar a bar shi. Idan koci ya sa mutum biyu a wurin, kamar Alonso da Sergio Busquets a Kofin Duniya na Afirka ta Kudu a 2010, a ce "turke biyu". Mai irin aikin Mascherano ko Wilfred Ndidi a ce "turke mai tarewa", irin Alonso kuma "turke mai rabawa", ka ga maganar Malam ma ta samu wuri. Masu sharhi, ku gwada ta a wasannin ƙarshen makon nan, ku gaya mana yadda ta zauna a baki da yadda masu sauraro suka karɓe ta.