Neman kalmar Hausa: "svaha" ta addinin Hindu da na Buddha

Malam Sani: Malamai, ana fassara wani bayani kan ibadun Indiya, an ci karo da "svaha", kalmar Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da mabiya Hindu da Buddha ke rufe addu'o'insu da ita. An ba da shawarar a sa "amin". Me kuka gani?

Malama Hadiza: Malam, "amin" ba za ta yi ba. Amin amsa ce, mai sauraro ke faɗa bayan wani ya yi roƙo. Ita kuwa svaha mai hadayar ne da kansa yake furta ta. Yana zaune gaban ramin wuta, ya ɗebo narkakken man shanu da ludayin itace, ya ambaci wanda ake ba wa, ya ce "Agnaye svaha", wato "ga Agni", abin bautarsu na wuta, a daidai lokacin ya tsiyaya man a wuta. Sannan ya ƙara da "idam na mama", ma'ana wannan ba nawa ba ne. Idan aka sa amin, miƙawar ta ɓace, kuma an cusa wa mai karatu ma'anar da ya sani daga masallaci ko coci.

Malam Bello: To "ungo" fa? Ita ce kalmarmu ta miƙa abu.

Malama Hadiza: Ta fi kusa, amma ungo sa'a ko ƙane ake ce wa, babu girmamawa a cikinta. "Madalla" ma an gwada, saboda masana na cewa asalin kalmar "su" ne (kyau) da "ah" (faɗa), sai dai babu wuta a cikin madalla.

Malam Garba: Ku tuna kuma kalmar sunan wata abar bauta ce. A wajen Hindu, Svaha ɗiyar wani abin bautarsu ce mai suna Daksha, matar Agni mai wuta, kuma sun yi imani hadaya ba ta isa ga abin bauta sai an ambace ta. Idan an fassara kalmar, sunan ya rabu da ita. Kada kuma a rikita ta da Svadha, wadda ake ambata idan kakannin da suka mutu ake yi wa baiko. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, masu buga rubutu na yawan faɗawa nan.

Mabiya Buddha ma ba su fassara ta ba, harshensu suka lanƙwasa mata: a Tibet "soha", a Japan "sowaka". A wajensu sau da yawa babu ko wuta, rufe addu'a kawai take yi, don haka duk fassarar da ta ɗaure ta da ƙonawa za ta gaza a can.

Malam Sani: Ke nan mu rubuta ta da bakinmu. Ba mu da "v", ba ma kuma haɗa baƙaƙe biyu a farkon kalma, sai ta zama Suwaha, ɗayar kuma Suwada. A ambaton farko a bi ta da "kalmar miƙa hadaya".

Malam Garba: Na amince. Ita kuma matar a ce "abar bautar Hindu". A bar "gunkiya", don wannan sassaƙe take nufi, alhali a baki ake ambaton Suwaha, a gaban wuta.