Wai Hull ƙauye ce? Yadda aka kwashe kan titin Whitefriargate

Tsohon Ɗalibi: Jama'a wlh yau raina ya ɓaci. Na dawo Hull ta ƙasar Ingila bayan shekaru, na ce bari in kai maiɗakina Whitefriargate ta ga inda nake sayen rigar sanyi lokacin ina karatu, tun a jirgin ƙasa nake cika mata baki. Muna zuwa babu babban shagon Marks & Spencer, wai tun 2019 suka kwashe kayansu. Ka ɗaga kai sama ka ga tsohon gini tsaf, ka sauke kai ka ga gilashi an liƙe da takarda ga allon neman mai haya. Tattabaru sun fi masu sayayya yawa. Baiwar Allah ta dube ni ta ce "nan ne?" Garin nan ya koma ƙauye kawai.

Maman Biyu: Ƙauye?? Malam ka iya bakinka. Shekarata tara a nan.

Ɗan Landan: Ai bai yi ƙarya ba Hajiya, garin da ƙarfe shida na yamma an ja ƙofofi kowa ya shige gida in ba ƙauye ba mene ne

Maman Biyu: Kai da kake biyan fam ɗari tara kan ɗakin da ko sallaya ba ta shimfiɗuwa sai ka ɗage katifa, kai ne za ka yi mana gori?

Malamin Lissafi: Tun 1299 Sarki Edward na ɗaya ya ba garin takardar sarauta, daga nan sunan Kingston upon Hull ya fito, a 1897 aka ba shi matsayin birni, a 2017 shi ne birnin al'adu na Birtaniya. Wane ƙauye ne ke da wannan?

Ɗan Landan: Takarda ce dai Malam, ba ta sayar da rigar sanyi.

Direban Dare: Ni fa da za ku saurare ni, cinikin bai mutu ba, tashi ya yi. An buɗe rukunin shaguna na Princes Quay a 1991 a bakin titin, sai na St Stephen's a 2007 kusa da tashar jirgin ƙasa, mutum ya sauka ya yi sayayya a rufe ba ruwan sama ba iska, me zai kawo shi tsohon gari? Ga intanet. Kuma ba Hull kaɗai ba ce, manyan kamfanonin shaguna ma sun faɗi, BHS ta rushe 2016, Debenhams 2021, Wilko 2023, duk ƙasar ne. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da kuke gani ko'ina kashi 80 na harajin shago ake yafe musu shi ya sa suke iya zama inda ɗan kasuwa ya gudu.

Tsohon Ɗalibi: Yauwa yayana, abin da nake nufi kenan

Bakanon Asali: Ku tsaya, ni sunan ma nake kallo. Gate ai ƙofa ce, kamar Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa. Garin da ke da ƙofa da ganuwa birni ne, magana ta ƙare.

Malamin Lissafi: A'a. A arewacin Ingila gate ɗin nan titi yake nufi, kalmar mutanen Viking ce, haka yake a York. Whitefriar kuma wasu sufayen Kirista ne masu farin mayafi da suka zauna a wajen.

Bakanon Asali: To ramin nan da aka tone a bakin titin da tsohon bulo a ciki fa? Ba Beverley Gate ba ce, inda aka hana Sarki Charles shiga a 1642? Ƙofa ce ko ba ƙofa ba?

Malamin Lissafi: Waccan ƙofa ce, amma ba daga ita sunan titin ya zo ba

Bakanon Asali: Ka dai yarda akwai ƙofa. Zazzagawa sai ƙi faɗi.

Malamin Lissafi: Me ya kawo Zazzau nan fisabilillahi?

Ɗan Landan: Ni dai na san 2014 a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley ƴan Hull sun ci mu ƴan Arsenal biyu cikin minti goma na farko muka rama uku. Ƙauyawa an ga kofi an kasa ɗauka 😂

Maman Biyu: Admin ka ga yaron nan ko? Sa'an ƙanena ne fa.

Direban Dare: Ba wanda zai tanka maganar haraji kenan

Admin: Toh ya isa haka, na rufe. Abin da aka tsayar: Hull birni ne, Malam ya kawo hujja da shekaru babu wanda ya iya musawa. Maganar shaguna wasu sun rufe kuma ko'ina haka ne har Landan ɗin da ake mana taƙama da ita, ni jiya ma na bi ta titin na ga mutane. Wanda ya fara cewa ƙauye ya janye, wanda ya maimaita ya ba Hajiya haƙuri kafin isha'i ko in cire shi. Batun ƙwallo kuma kowa ya san sai da aka shiga ƙarin lokaci.