Kwara da Kwarori: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi a kan kalmar Kwara: ma'anarta, asalinta, da ko zagi ce.

1. Kowa ya yarda Kwara mutumin Lebanon ne, jam'i Kwarori. Ba ruwansa da Jihar Kwara ta 1967, wadda ta ci sunan kogi.

2. Asali: mazauna unguwannin Agege da Idi-Araba na Ikko sun ce Yarbawa na cewa Kora. Mafi yawa sun danganta shi da sunan murjani a Turanci, wato coral, don shi 'yan kasuwar Lebanon na farko suka riƙa talla a Ikko tun ƙarshen ƙarni na 19. Wannan bayanin ya kwanta mini.

3. Dattawa sun tuna a da 'yan Siriya ake ce musu, domin a lokacin ana lissafa Lebanon cikin yankin Siriya, kuma ba ta samu 'yanci daga Faransa ba sai 1943.

4. Inda aka rabu: wasu na jingina sunan ga duk farin ɗan kasuwa, har Ba'indiye. Masu harkar atamfa a kasuwar Balogun ta Ikko suka ce sam.

5. Zagi ne? Da yawa sun ce suna ne kawai. Kaɗan sun ce yana ɗauke da zargin wayo, kuma jikokin Kwarorin haifaffun Najeriya ba duka ke so ba. Ni dai a gaban mutum, “ɗan Lebanon” nake cewa.