Cok da sitata: wa zai raɗa musu sunan Hausa?

Jama'a, a taimaka mini. Shekara shida ke nan ina tara tsofaffin fitilun dogon ƙwai, irin waɗanda ake ta cirewa daga ofisoshi da masallatai a nan Gombe ana sa LED a madadinsu. Yawanci a hannun 'yan gwangwan nake tsintarsu, kafin su fasa su zare jar wayar ciki su ɗora a sikeli. Akwai Philips, akwai Thorn na Ingila, masu tsawon ƙafa biyu da masu tsawon ƙafa huɗu. Yanzu ina so in manna wa kowacce 'yar takardar bayani da Hausa, sai kalmomi biyu suka tsaya mini a wuya: cok da sitata.

Shi ƙwan babu gardama a kansa. Dogon ƙwai muka taso muka ji ana cewa, a bar shi haka.

Bari in faɗi aikin kowanne, don kada a raɗa suna a makance. A cikin dogon ƙwai babu waya daga wannan kai zuwa wancan. Iskar agon ce da ɗan ɗigon zaiba. In wuta ta ratsa tururin zaibar sai ya fitar da hasken da ido ba ya gani, farar hodar nan da ke manne a jikin gilashin ita ke mayar da shi hasken da muke karatu da shi. Matsalar ita ce iskar ba ta yarda wuta ta bi ta da sauƙi, in kuma ta yarda, ba ta san ya isa ba. Za ta yi ta jan wuta har ƙwan ya ƙone.

To cok shi ne wannan dunƙulen mai nauyi da ke ɓoye a cikin gidan fitilar, jar waya ce aka nannaɗe a jikin ƙarfe. Shi ke hana ƙwan shan wutar da ta fi ƙarfinsa, shi ne kuma mai gurnanin nan da kan cika ɗaki in dare ya raba. Sitata kuwa ɗan gwangwanin nan ne da bai kai babban yatsa ba. A cikinsa akwai siririn ƙarfe da ke lanƙwasa in ya ji zafi: ya haɗa wuta, bakunan ƙwan biyu su yi ja, ya huce ya saki. Sakin nan ne ke sa cok ya harbo wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt. In bai kama ba a sake. Ƙiftawar da muke gani ke nan.

Na dawo, na karanta amsoshinku.

Wani malamin makaranta daga Kumo ya ce a ce "mashaƙi", tunda ma'anar cok ke nan a Turanci. Malam, ka yi haƙuri, ban karɓa ba. Abin da aka shaƙe mutuwa yake yi, shi kuwa wannan raya ƙwan yake yi. Su kansu Turawan suna da wani sunan, balas, wanda asalinsa nauyin da ake zubawa a gindin jirgin ruwa ne don kada ya kife. Mu da babban ruwanmu Dadin Kowa, ina ruwanmu da wannan kwatance? An kawo "takunkumi", an kawo "birki". Birki tsayarwa yake yi, takunkumi kuma gaba ɗaya yake hana ci.

Wanda ya kashe bakin zaren wani dattijo ne mai wayarin a Jekadafari, da na je wurinsa neman sitata. Na karanta masa amsoshin daga waya, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ba ka taɓa zuwa hawan sallah a ƙofar fada ba? Doki mai zafi in ka sake shi sai ya halaka kansa. Me ke riƙe shi ba tare da ya hana shi tafiya ba?" Na ce, "Linzami, Baffa." Ya ce, "To me kake nema kuma?"

Wallahi ya zauna daram. Na san wani zai ce yaran yanzu in sun ji linzami makami mai linzami ne zai faɗo musu a rai. Su jure, doki ya riga makamin zuwa.

A kan sitata ne aka rabu biyu. Masu son doki sun ce tunda an samu linzami sai a cika da "ƙaimi". Yana da daɗi a baki, na yarda. Amma wata baiwar Allah daga Pantami ta kawo "ƙyastu", ta ce kakarta sai ta ƙyasta sau uku sau huɗu kafin audugar ta kama. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin dogon ƙwai lokacin da NEPA ta kawo rabin wuta, ya hau kujera yana murza sitata, ƙwan na ƙiftawa, bakunansa sun yi baƙi, tsaka na jira a bango, ya san ƙyastu ya fi kama. Ƙaimi ana iya sa shi a tsakiyar sukuwa. Sitata kuwa da zarar wuta ta kama aikinsa ya ƙare, kana iya zare shi ƙwan ya ci gaba da ci. Haka ƙyastu yake, a mayar da shi aljihu. Hajiya, ke kika ci.

Wani ya tambaya me ya sa nake wahalar da kaina a kan kayan da suka mutu. Tun 1938 kamfanin General Electric ya fara sayar da irin wannan fitila a Amurka, kuma a 2023 ƙasashen yarjejeniyar Minamata, wadda aka ƙulla don rage amfani da zaiba a duniya, suka amince a daina ƙera ta nan da 2027 saboda zaibar. Shi ya sa ma nake roƙo, in ƙwai ya mutu kada a ba yara su fasa suna wasan takobi da shi.

Na rubuta takardar farko ɗazu: dogon ƙwai mai ƙafa huɗu, wat 40, da linzaminsa da ƙyastunsa na asali. Da yamma na aiki ƙanena kasuwa ya sayo mini ƙyastu biyu. Ya dawo da ashana.